Ka Dodon Wuta Garinmu

Farfesa ya tsaya a bayan kujerar Barkono yana kallon kwamfutarta kamar wanda ya tsinci ƙuda a shayinsa.

"Wai wannan ce duniyar tsafin? Kare na haushi, rago na kiwo, sa na jan keke? Anti, wasan kwamfuta muke haɗawa ko kasuwar dabbobi?"

Barkono ba ta ko ɗago ba. Ita ta rubuta labarin wasan tun farkonsa, kuma ba a banza ake kiranta Barkono ba. "Karen nan shi ke nuna wa jarumi hanya. Kai wa ya nuna maka hanyar ofishin nan in ba yayarka ba?"

Ta taɓo inda ke masa ciwo. Ƙanin matar Oga ne, kowa ya sani. Amma yau zai rufe bakin kowa. Da la'asar Oga zai gwada wasan da kansa, ya faɗi wanda zai shugabanci sashen labari, ko shi ko wannan matar da tunaninta bai wuce garke ba.

Ana fita cin abincin rana ya ja kujera ya buɗe rubutun wasan. Hotunan dodanni tuni ya sa mai zane ya yi masa a ɓoye, saura sunaye. Bin layi ɗaya bayan ɗaya aikin marasa basira ne, shi ya san maɓallin da ke sauya kalma a ko'ina lokaci guda. Kare ya koma dodon wuta. Doki ya koma mikiyar tsawa. Rago, maciji mai kai bakwai. Sa, giwar ƙarfe. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata, ya yi tsaki ya danna, ya adana a kan tsohon.

"Sai wani ƙauyen, jakai," ya ce, yana karkaɗe hannu.

Da la'asar aka taru gaban babban allo. Oga ya cire hula ya ɗauki abin sarrafa wasa. Dodon wuta ya ratsa sama yana aman hayaƙi.

"Kai! Aikin wa ke nan?" in ji Oga.

"Ɗan abin da na taɓa ne, Yaya," in ji Farfesa, yana satar kallon Barkono.

Jarumi ya shiga fada. Tsohon sarkin wasan ya miƙe da hawaye, rubutu ya fito a ƙasa, Oga ya karanta da ƙarfi: "Ya kai jarumi, ka dodon wuta garinmu daga mahara!"

Oga ya juyo ya dube su.

"In yi wa garin me?" in ji Oga.

"Ka kare shi, ranka ya daɗe," Barkono ta ce a hankali, har da rusunawa. "Da can haka yake."

Farfesa ya yi wuf ya ce, "Ɗan kuskure ne guda, Yaya, ci gaba."

Oga ya ci gaba. Maƙerin gari ya miƙo wa jarumi kayan yaƙi: "Giwar ƙarfe sulkenka, ɗana." A fagen fama allo ya sanar cewa jarumi ya mikiyar tsawa ɓarawo a ka. Mai zane ya toshe baki da gefen riga, kafaɗunsa na rawa. Da aka iso gun shugaban mahara, mugun da ya kamata ya zagi jarumi da ragwanci, sai ya nuna shi da takobi ya daka tsawa: "Kai maciji mai kai bakwai ne, ubanka ma haka!"

"To ai wannan kirari ne," in ji Barkono. "Har da uban. Allah ya saka wa Farfesa, ya sasanta su."

Dariya ta hana Oga riƙe abin wasan, mahara suka gama da jarumi. Allo ya yi baƙi, rubutun ƙarshe ya fito da jan launi: WASA YA DODON WUTA.

"Wannan kuma ba ruwan rubutuna," Barkono ta ce. "Ni ƙare nake rubutawa da lanƙwasarta. Wani masani ne ya ce lanƙwasa ƙauyanci ce, ya gyara min."

Oga ya share hawaye ya mayar da hularsa. "Barkono, sashen naki ne. Kai kuma ɗan gidan matata, ina tsohon rubutun?"

Farfesa ya kalli takalminsa.

"Ya adana a kai," in ji mai zane.

Barkono ta jawo wata kujera mai karyayyen hannu, ta ajiye gefen teburinta, ta bubbuga mazaunin.

"Zo zauna, ƙanina. Layi ɗaya bayan ɗaya za ka bi, ka tantance min wane dodo ne kare mai haushi, wane ne kare gari. In ka gama sai mu shiga raguna. Can ba za ka sha wuya ba, danginka ne."