Kabarin Kukun Bishop

An binne Baba Istifanus a inda bai ce a binne shi ba. Na sauko daga mota a bakin layinmu na Talata Mafara, Fada Bulus, limamin coci, na biye da ni da 'yar jakarsa, sai na hango tabarmi a ƙofar gidan tsohon, maza na zaune. Na ƙarasa wurinsu da sauri.

"Sannu da hanya, Zubairu," in ji Malam Tukur, dattijon layinmu. "Ya haƙuri? Tsoho ya cika jiya da hantsi."

"Ina yake?"

"Mun kai shi mana. Mi za mu jira?"

Baba Istifanus Bahaushe ne ɗan ƙasar Malumfashi, ɗan Katolika, shi kaɗai ne Kirista a layin. Ni facin taya nake yi, katanga ɗaya ta raba mu tun ina saurayi. Da ƙuruciyarsa kuku ne na wani bishop Bature, shugaban limaman coci, kuma in ka zauna wurinsa ba ka tashi sai ka sha tarihin mutumin nan kaf: yadda ya zo yana ƙaramin fada yana zaga ƙauyuka a keke, yadda ya koyar da masu neman zama fada, ranar da aka naɗa shi aka ɗora masa doguwar hula aka miƙa masa sanda, ɗakin shan maganin da ya gina, har ciwon da ya mai da shi ƙasarsu ya mutu can.

"Tuwon dawa yake ci, Zubairu. Da hannu! Bature fa!"

"Baba, jiya ma ka faɗa mini."

"To yau ma ka ji, jahili."

Bishop ɗin ne ya ɗaura masa aure da Saratu, kuma kafin ya tafi ya sa aka ware musu wuri biyu a maƙabartar coci a Gusau. Saratu ta daɗe da kwanciya a nata.

Ciwo ya kayar da Baba Istifanus a daminar da aka katse waya a duk Zamfara saboda 'yan bindiga. 'Yarsa Nagode nas ce a Zariya, ba hanyar kiranta. Ya riƙe mini hannu, muryarsa kamar ta tsohuwar rediyo.

"Abu biyu. Ka ɗauko mini fada ya shafa mini mai, in faɗa masa zunubaina. In na cika kafin ku iso, a kai ni gefen Saratu. Bishop ya yi mini wuri."

Ban san kan addininsu ba, amma na san roƙon mai mutuwa. Na bar wa matata Rabi saƙon, na shiga motar Gusau. An tare hanya bayan wani hari, muka wuni a rana. Da na isa cocin fada ba ya nan, sai da na kwana. A tasha na ba wani direban Zariya saƙon Nagode.

"Rabi ba ta gaya muku a jira ba?" na tambayi Malam Tukur.

"Ta hwaɗi, ta bayan ƙyaure. A jira har yaushe? Babu waya, babu wuta, ga zahi. Mu bar maƙwabci shi kumbura muna kallo? Liman ya ce ba a yi mai salla, ba a sa shi maƙabartarmu, amma hakkin maƙwabtaka a suturta shi. Na ba da gefen gonata ta hanyar Maradun. Likkafani sabo munka sa mai. Ina laihina?"

Fada Bulus, matashi ne siriri, ya ce a hankali, "Baba, da akwati kuka sa shi?"

"Wane akwati? Mutum ne ko kaya?"

Muka taka zuwa gonar, gero ya fi tsayinmu. Ya yi addu'arsa, ya yayyafa ruwa a kan jar ƙasar. Na ce masa man fa? Ya ce na masu rai ne.

Nagode ta iso bayan an watse. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta durƙusa ta gai da Malam Tukur, ta yi masa godiya, sannan ta ce za ta tono mahaifinta ta kai shi Gusau.

"Subhanallahi! Tonon kabari? Cikin gonata?"

"Baba, duk rayuwarsa abu ɗaya ya mallaka, wurin nan ne. Uwata tana can ita kaɗai."

Aka yi ta ja. Na sa baki, na faɗa wa Malam Tukur maganar da bai so ba, har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Daga ƙarshe ya yarda, amma sai an yanke gero, don ba zai bari a tattake masa amfani ba.

Ba a yanke geron ba. Kafin kaka 'yan bindiga suka mamaye wannan gefen, mutanen ƙauyukan suka kwaso tsummokaransu suka cika gari. Malam Tukur bai cire ko zangarniya ɗaya ba. Tun daga lokacin babu mai zuwa can, sai wanda aka tafi da shi.

Nagode takan zo duk shekara, a watan da suke tuna matattunsu. In goya ta a babur har kwalbatin ƙarshe, inda sojoji suke mai da mutane.

"Kawu, ta ina ne?"

In nuna mata. Ni kaina yanzu ban tabbata ba, daji ya haɗe. Bana ta kunna kyandir ta ɗora a kan kwalbatin, ta kare shi da tafin hannu. Wani soja ya daka mana tsawa mu bar wurin. Da na juya babur na waiwaya, iska ta riga ta kashe shi.