Bencinan da Aka Kafe da Ƙusa

Ranar Litinin mai duba makarantu ya shiga aji huɗu, ya tarar Malama ta wargaza bencina yadda ta saba: masu saurin lissafi a lungu ɗaya, masu ƙirga da murfin kwalba a wani, mai raunin ji dab da bakinta. Ya ɗauki hoto, ya ce irin tsarin da ake nema ke nan.

Daɗi ya kama Hedimasta. Ranar Laraba da yamma ya kira kafinta ya kafe bencinan a daɓe da ƙusar kankare, kada wani ya ɓata tsarin.

Washegari Malama ta tura benci, benci ya ƙi. Tana cikin kokawa da shi sai ga wani magidanci a bakin ƙofa, ya turo 'yarsa a keken guragu. Sabuwar ɗaliba ce. Keken ya yi taku biyu ya maƙale tsakanin bango da benci.

"Makaranta ta uku ke nan," in ji uban. "In nan ma babu wuri, ta zauna a gida kawai."

Malama ta ruga ofis.

"Ranka ya daɗe, a cire ƙusoshin nan."

"Tsarin da aka yaba? Malama, ke ba kya son ci gaba ne?"

"Ai tsarin shi ne a riƙa motsa su."

"A hoton dai ba sa motsi."

Kafin ta dawo uban har ya fara jan keken da baya.

"Malam, minti biyar, don Allah!"

Ta dubi allo can a ƙuryar aji, ta dubi ƙofa. Ta ƙarfe ce, mai baƙin fenti. Ta gwada alli a kai, ya kama raɗau.

"Kowa ya juyo nan. Har da kai, Sarkin Barci," ta ce da wani yaro mai gyangyaɗi.

Yara arba'in suka ɗaga ƙafafu suka juya a kan bencinansu. Mai raunin ji ta taso ta tsaya kusa. Yarinyar da ta maƙale a ƙofa ta tsinci kanta a sahun gaba.

Malama ta miƙa mata alli. "Bakwai sau takwas, 'yata."

Ta rubuta 56, ta ja masa layi biyu a ƙasa.

Uban ya daɗe yana kallon ƙofar. Ya saki keken.

"Ƙarfe nawa ake tashi?"

"Ɗaya da rabi."

Ya fita a karkace, kada rigarsa ta goge lissafin.