Bututan Dalma a Maƙabarta

A shekarun yaƙin nan da ya ƙi ƙarewa, duk rundunar da ta shigo garinmu dalma take fara nema kafin abinci, don da ita ake ƙera harsashi. Mu kuwa a cocinmu muna da ogan, babban abin kiɗa mai busa da iska, rabin bututansa na katako, rabi na dalma. Maigida Anselm Tappe ke kaɗa shi, shi ke kuma tsara waƙoƙin da yake kaɗawa. Ni aikina a bayan ogan yake: in taka zugazugai da ƙafa, iska ta shiga bututai. In na sauka, sauti ya mutu.

Da muka ji rundunar Kyaftin Rusk na tafe, muka cire bututan dalma, muka jera su a akwatunan gawa muka binne. Annoba ta riga ta cika maƙabarta, ba mai tambayar sabon kabari. Na katakon muka dawo da su gaba. Fasto ya ce shi zai shaida wa sojoji ogan ɗinmu bai taɓa samun dalma ba.

Abu ɗaya ne ba mu iya binnewa ba. Kowane jerin bututai yana da mariƙinsa a gefen mai kaɗawa, in ya ja shi, iska ta buɗe wa jerin. Mariƙin dalma yana nan, bayansa ramuka ne kawai. In aka ja shi, iska za ta fito da huci kamar na maciji, duk wanda ya san ogan zai gane an cire wani abu.

Da hantsi suka shigo. Kyaftin ya tsaya a tsakiyar coci ya ɗaga kai. Kowa ya san ya rataye wani mai niƙa a ƙauyen gaba saboda faranti biyu na dalma da ya ɓoye.

"Katako zalla?" ya tambayi Fasto.

"Ranka ya daɗe, mu talakawa ne."

"Ubana gyaran ogan yake yi, a cikinsu na yi rarrafe. Kai tsoho, hau ka kaɗa mini in ji talaucin naku."

A kan matakala Maigida ya riƙe hannun rigata. Tafinsa sanyi ƙalau.

"Jobst, hannun nan na hagu ba ya jin magana. Tun ina saurayi, in na zo ƙarshen waƙa, shi ke jan mariƙin dalma da kansa."

"To Maigida, ka zauna a kansa mana."

"In kaɗa da me, da hancina? Wuce ka taka."

Na hau zugazugai. Akwai tsaga a jikin katakon da ya raba mu, ta nan nake hango kafaɗarsa. Ya fara da waƙar da muke yi wa matattu, amma ba yadda muka saba ba. Nan take yake tsara ta, da muryar katako mai laushi, wata murya tana bin wata kamar masu ɗauke da gawa a kan hanya mai santsi. A ƙasa surutun sojoji ya lafa. Ni ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Ƙarshenta kawai nake jira.

Da ya kusa, na ga kafaɗarsa ta saki. Na san wannan sakin. Ya manta da Kyaftin, ya manta da igiya, ya koma ranar Lahadi. Hannun hagu ya tashi a hankali ya kama mariƙin.

Zugazugai suka yi laushi a ƙarƙashina, hucin ya fara. Na yi tsalle na dira ƙasa, ƙafata ta gurɗe. Sauti ya lanƙwashe ya mutu a tsakiyar waƙa.

Shiru. Sai na ji takun takalmi a kan matakala.

Maigida bai taɓa zagina ba, amma ranar ya buɗe murya. "Jaki! Ɗan giya! Tun da safe ka sha ko? A gaban baƙo za ka kunyata ni?"

Kyaftin ya leƙo ya same ni kwance. Ya zungure ni da takalmi. "Duk inda ka je, mai taka iska ɗan giya ne. Tashi, buhun kabeji, a ƙarasa mini."

Na yunƙura, ƙafar ta ƙi. Ba ƙarya na yi ba. Kyaftin ya kai mini naushi ɗaya a baki, haƙorina ya fita. Ta tsagar nan ina ganin mariƙin yana nan yadda aka ja shi, taƙi ɗaya daga gwiwar hannun Kyaftin. Maigida ya miƙe ya rusuna yana ba da haƙuri, ya ja da baya, ya jingina da mariƙin har ya shige.

Kyaftin ya ƙwanƙwasa bututun gaba da yatsa, ya tofar da yawu. "Kana da hannu, tsoho. Saura ogan."

Suka kwashe dalmar da ke riƙe gilasan tagogi suka tafi. Mun sha sanyi a cocin nan har bazara.

Ba mu tono bututan ba sai da aka yi sulhu, lokacin Maigida ya riga ya kwanta kusa da su. Ya rubuta waƙar kafin ya rasu, amma ya ƙi yi mata ƙarshe. Wanda ya gaje shi yakan kaɗa ta a jana'iza, in ya kai wurin da ta katse ranar nan sai ya ɗaga hannu. Ni kuwa har yau, in an kusa wurin, ƙafata takan fara karkarwa kafin ya ɗaga.