Inda Kawu Ke Zuwa Ranar Lahadi

A shagon mai aski, inda 'yan gida mazauna ƙasar waje ke taruwa, kowa da abin da yake faɗa a kan Kawu. Wasu su ce mutumin kirki ne, surutu ne kawai Allah bai ba shi ba. Mai tasi kuwa cewa yake shirun nan ba na banza ba ne. Mutumin da duk mako yana ɗakin wankin asibiti, amma ranar Lahadi ya goge kwat, ya fice bai ce wa kowa ga inda za shi ba, ai akwai waɗanda yake kai wa rahoto. Da aka kama wani tela cikinsu aka mayar da shi gida saboda rashin takardun zama, sai zancen ya zauna daram.

Auta ɗan ƙanwar Kawu ne, ɗaki ɗaya suke kwana, shi ma takardunsa ba su fito ba. Da aka tsare shi da tambaya, ya ce shi ma bai san inda tsohon ke zuwa ba, sai dai yakan dawo fuska a sake, kamar wanda aka sallama da alheri. Maganar nan tasa ce ta ƙarasa Kawu. Aka koma amsa sallamarsa ciki-ciki. Shi kuma Auta hankalinsa ya ƙi kwanciya, don in zancen gaskiya ne, shi ne na gaba.

Wata Lahadi Auta ya bi bayansa. Kawu ya sauka daga jirgin ƙasa, ya ratsa wani dandali da 'yan sanda suka jeru a gefensa, ya shige wani ƙaton gini. Auta ya sayi tikitin tsayuwa, ya laɓe can baya.

Makaɗa ne cike da dandamali, baƙaƙen kaya, kowa da gogensa, ƙanana da manya, har da wanda ya kai mutum tsayi. Aka fara. Auta ya yi ta jiran wani ya miƙe ya taka, ko mawaƙi ya ambaci sunan wani, shiru. Jama'a sun yi tsit kamar masu jiran sakamakon likita. A ransa ya ce wannan ba kiɗa aka zo ji ba, rufa-rufa ce. Wani dattijo ya yi tari, wani ya amsa daga can gefe, Auta ya ce to ga alamarsu nan. Wata tsohuwa da ke kusa da Kawu ta miƙa masa wani abu, Auta ya yi ɗage har wuyansa ya ƙage. Alewa ce. Kawu ya jefa a baki, ya lumshe ido.

Daidai lokacin da kiɗan ya yi ƙasa, wayar Auta ta ɗau ruri. Mai aski ne ke son jin labari. Duk zauren ya waiwayo, har da Kawu. Suka haɗa ido.

Da aka tashi, sai aka tarar gari ya rikice. Masu zanga-zanga sun cinna wa kwandunan shara wuta, barkonon tsohuwa ya turnuƙe dandalin, 'yan sanda na tsince samari ɗaya bayan ɗaya. Auta ya yunƙura zai ruga, sai ya ji an damƙe hannunsa. Kawu bai tambaye shi abin da ya kawo shi ba. Ya tuɓe kwat ɗinsa ya ɗora masa.

"Kar ka kuskura ka yi gudu. Shiga cikin tsofaffin nan, ka yi tafiya irin tasu."

Auta ya bi, amma yana waige, yana so ya ga ko 'yan sandan za su gaisa da mutuminsu. Abin da ya gani shi ne an finciko Kawu, an manna fuskarsa da bango, ana lalube shi kamar ɓarawon kasuwa. Shi kuwa mai kwat ko kallo bai ishe su ba.

A tashar jirgi Auta ya zauna jira, har magariba ta kawo jiki. Can sai ga Kawu yana ɗingishi, ido jajir, leɓe a fashe. Ya zauna, ya ce sun ga katin asibiti sun sake shi. Da Auta ya tambaye shi me yake samu a zauren kiɗan nan, ya ce injinan wanki sun cika masa kunne, gida kuma rediyo da musu, nan ne kaɗai ya samu inda mutane ke zama su saurari abu har ya ƙare. Ya ɓoye ne don ya san dariya za a yi masa.

"Gara dariyar da abin da ake faɗa, Kawu."

"Na san abin da ake faɗa. Bakin mai tasi bai dame ni ba. Amma kai da nake jin numfashinka in kana barci?"

Jirgi ya zo, ya tafi, ba wanda ya motsa. Auta ya daɗe yana murza hannun kwat ɗin kafin bakinsa ya buɗe.

"Ni na ba su abin faɗa. Ka yafe mini, Kawu."