Kifin Ranar Suna

Kwanonin abinci ba su gama dawowa daga zaure ba jikin mutane ya fara sauyawa. Alhaji Dabo, maigidan, ya cire hula yana susar ƙeya, wuyansa ya yi ruɗu-ruɗu kamar an zane shi da tsumagiya. A cikin gida mata sai fifita suke da mayafi; wannan ta ce kanta zai tsage, waccan ta ce harshenta na raɗaɗi. Mai jego, Fatsuma, wadda aka zuba wa kaso mafi tsoka, tana kwance tana jan numfashi da ƙyar.

Ranar suna ce a Sundimina, shekarar 1977, lokacin da kifin ƙanƙara ya fara zuwa daga Kano cikin kwali, kowane mai hali yana so a ce an ci shi a gidansa. Inna Kulu ce ta dafa. Matar ƙanen Alhaji ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu sun riga shi. Ita kaɗai aka gani garau a bakin murhu. Kafin azahar kalmar da aka daɗe ana riƙewa a baki ta fito: mayya. Tsofaffin matan gidan suka yanke a kawo ta ta tsallaka mai jego, ta sakar mata kurwa. Wadda ta tsallaka mara lafiya sau ɗaya kuwa ta amsa sunan ke nan har kabari.

Zahara'u, 'yar Alhaji, malamar kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Birnin Kudu, ta zauna tana duban borin jinin da ya feso mata a dantse. Yaya maita za ta kama wanda ya ci kifi, ta tsallake wanda naman rago kawai ya ci? Ta je ta tambayi Inna Kulu ko ta ɗanɗana.

"'Yar nan, mai girki tana ganin kifi? Ƙanzo na samu."

Ta durƙusa wa mahaifinta ta roƙi a jinkirta zuwa la'asar. Ya amince, yana susa.

* * *

Hambali mai kifi yana kan teburinsa a bakin kasuwa, yana kore ƙuda da reshen darbejiya. Da Zahara'u ta iso, ya ɗago kifi ɗaya ya kai mata saitin hanci.

"Shaƙa ki ji, Malama. Ko amarya ba ta fi shi tsabta ba."

Ta shaƙa. Babu wari, babu ko ƙarni, kuma wannan ne ya tsaya mata a rai, don kifin da ya taso tun daga teku ba ya rasa ƙarni. Ta leƙa ƙarƙashin teburin ta ga daro, gefensa ɓawon lemun tsami tuli guda. Hambali bai ɓoye ba. Ya ce motar kifin ta kwana biyu a hanya da karyayyen ƙarfe, ƙanƙarar ta narke, shi ne ya yi wa kifin wanka. Duk 'yan kasuwa haka suke yi, abin da ya rage kuma wuta ta kashe shi.

Ta sayi ɗaya, ta biya wajen masunci ta sayi tarwaɗar da aka kama da safe. A hanya tana jujjuya darasin da take koyarwa a aji huɗu. Ƙarnin kifi wani sinadari ne daga dangin da ake kira amin, 'yan uwan amoniya, masu saurin tashi su hau iska. Idan suka gamu da tsami sai su zama gishiri, su lafe, hanci ya daina jin su. Amma akwai ɗan'uwansu, histamin, da ke taruwa a naman irin wannan kifi idan zafi ya same shi. Shi ba ya wari, ba ya jin wuta, shi ne mai feso da bori. A littafi ta san duka wannan. Abin da ba ta taɓa gwadawa ba shi ne ko kanwar miya za ta iya kwance abin da lemu ya ɗaure.

* * *

Ta durƙusa a ƙofar zaure da ƙwarya biyu. Malam Sabo, limamin unguwa, ya dube ta ya ce ko boko yanzu har duba take koyarwa. Aka yi dariya, ita ma ta yi.

Ta wanke tarwaɗar da lemun tsami kamar yadda Hambali ke yi, ta sa kowane kifi a ƙwaryarsa, aka zaga da su. Kowa ya ce lafiya lau. Sannan ta zuba jiƙaƙƙiyar kanwa mai ɗumi, ta rufe da faifai, ta jira. Ita ma ba ta da tabbas.

Ƙwaryar tarwaɗa ta ba da ƙarni kaɗan, irin na bakin rafi. Da ta ɗaga faifan ta biyu, Malam Sabo ne ya fara kai hannun riga hanci. Ɗoyi ya cika zauren har wasu suka fita waje.

"Baba, warin yana nan, ɗaure shi aka yi. Dafin da ke tare da shi ba a ɗaure shi ba, shi muka ci. Yawanci kafin magariba yake sakin mutum, amma ita Fatsuma a kai ta asibiti saboda numfashin."

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Liman ya ce lallai an zalunci baiwar Allah, a aika ciki a ce kada wanda ya taɓa ta.

Ɗan saƙon bai tashi ba aka ji guɗa daga cikin gida.

* * *

Fatsuma tana zaune, numfashinta ya daidaita, ta karɓi jaririnta. Mata sun cika ɗakin suna hamdala, suna faɗa wa juna yadda aka yi: Inna Kulu tana tsallakawa na uku, ko rabin sa'a ba a yi ba mai jego ta buɗe ido. Zahara'u ta fara bayanin kifi da kanwa, wata tsohuwa ta dafa kafaɗarta ta ce su ma da idonsu suka gani.

Zahara'u ta samu Inna Kulu a bayan rumbu tana gyara ɗaurin zane. Ta tambaye ta wa ya tilasta ta, alhali an ce a jira la'asar.

"Ba wanda ya ja ni. Na ji yadda take jan numfashi ne. Na ce in dai ni ce ban sani ba, gara in sake ta."

"Inna, ba ke ba ce. Ko ba ki tsallaka ba za ta tashi."

"To, ai ta tashi."

Inna Kulu ta nufi randa ta ɗebi ruwa ta sha. Tana ajiye moɗar, wata daga cikin surukan gidan ta zo ta ɗauke ta da gefen zani, ta kai ta can gindin katanga ta kife.