Takardar Da Ta Tokare Kabad

Kwana uku da rataye Dakta Barewa, na tarar da mai shara tana goge gilashin kabad ɗin kofunansa, a barandar sashen da ya koyar a jami'a. Kofi goma sha ɗaya na gudun dogon zango, ga hotonsa a sama cikin rigar digiri, yana murmushin nan da ya yaudari ƙanwata.

Wai Barewa. Ban taɓa jin inda barewa ta shaƙe wani da igiyar takalmi ba, amma da ita ya kashe matarsa.

Shekara shida tana zuwa mana da kumburarriyar fuska, ana ba ta amsa ɗaya: zafin nama ne, haka 'yan wasa suke. Uwarsa ta faɗa, kocinsa ya faɗa, har Babanmu ya ara ya yafa. Da tura ta kai bango sai ta rubuta wa shugaban sashensu takarda, a ambulan shuɗi, ni na raka ta kaiwa. A kotu shugaban ya rantse bai taɓa ganin takardar ba, lauyoyi suka yi ta cewa ai marigayiya ba ta taɓa kuka da mijinta ba. Wannan ƙaryar na zo a janye.

* * *

Shugaban ya karɓe ni da fuskar ta'aziyya, amma ba ta ƙanwata ba.

"Baiwar Allah, mun yi rashi," in ji shi. "Littafi huɗu, ga kofuna. Tsautsayi ne kawai, da zafin nama."

"Ranka ya daɗe, takardar fa?"

"Takardu nawa ke shigowa nan a rana? Ki yi haƙuri, hukunci ai an riga an yi."

Na dube shi, da furfurarsa da tulin digirinsa, na ji ko tsaki ya fi ƙarfinsa. Na fito.

* * *

Mai shara, da ashe ta ji mu, ta tare ni a baranda, ta rage murya.

"Yaya, shuɗiya ce? Duba ƙasan nan. Bara kabad ɗin yana rawa, Oga ya miƙo min ita daga kan teburinsa, ya ce in tokare. Ni ban iya karatu ba."

Na durƙusa na zaro ta. An ninke ta gida huɗu, ruwan goge ƙasa ya cinye rabin adireshin da ƙanwata ta rubuta. Bakin ambulan yana nan a manne yadda ta manne shi.

Kabad ya karkata, kofunan suka yi ƙara. Shugaban ya leƙo, ya dubi hannuna, ya dubi kabad.

"Ke," ya ce wa mai shara, "samo wata takardar ki sa, kada kofunan nan su zube."