Abin da Ya Sa Ake Ce Masa Ƙadangare

Shekara goma sha ɗaya mai askin nan yana buga sunuka, wasan tura ƙwallaye cikin rami da sanda a kan tebur, kuma bai taɓa cinye Yayansa wasa biyu a jere ba. Yayan ɗan baffansa ne, wanda 'yan ɗakin sunuka ke kira Kyaftin. Shi ya fara damƙa masa sanda, ya nuna masa yadda ake kafa yatsu a kan tebur da yadda ake shafa alli a bakin sanda. Duk Asabar da la'asar mai aski zai kakkaɓe gashi daga rigarsa, ya ja ƙofar shago, su haye benen da ke saman kantin tayoyi, inda tebura uku suke, da fanka ɗaya mai juyi kamar an yi mata dole.

Abin yana ɗaure masa kai. Hannun da ke bi da reza ta bayan kunnen mutum ba ko ƙwarzane, shi ne kuma zai saita ƙwallo tana kallon rami sambal, ya buga ta tafi yawonta. In ya tambaya, Kyaftin ba ya rasa amsa.

"Sandarka ce ta karkace, ƙanena."

Ya sake sanda.

"Anya ba idonka ba ne?"

Ya je aka auna masa ido, aka ce garau yake.

Har suna yake da shi a ɗakin: Ƙadangare. Da ya tambayi dalili, Kyaftin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ba ka ga yadda kake shimfiɗewa a kan tebur ba? Kamar ƙadangare a jikin bango. Ai yabo ne." Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Ko a titi aka ƙwala masa kiran sai ya ɗaga hannu yana murmushi.

Wata Asabar motar Kyaftin ta lalace, ya maƙale a wurin makaniki. Mai aski ya tarar da ɗakin ba kowa sai mai wurin yana goge tebur, da wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa, wanda har yanzu ake ce wa Hedimasta. Suka buga. Wasa ya zo kan baƙar ƙwallo, tana bakin rami kamar tana roƙo a tura ta, mai aski ya buga ya kuskure.

Hedimasta ya mayar da ƙwallayen inda suke. "Sake bugawa."

Da mai aski ya sunkuya, dattijon ya gitta tasa sandar a saman kansa, tsakaninsu bai fi faɗin yatsa ba. Mai aski ya buga. Ƙwas! Ƙeyarsa ta daki sandar.

"Ka ji?" in ji Hedimasta. "Kafin sandarka ta taɓa farar ƙwallo, kanka ya riga ya tashi zuwa kallon rami. Kai ya tashi, kafaɗa ta bi shi, gwiwar hannu ta bi kafaɗa. Me ya rage a kan layi?"

Mai aski yana shafa ƙeya ya ce, "Baba, tun yaushe nake yin haka?"

"Tun ranar da na fara ganinka. Ai daga nan sunan ya fito. Ba ka ga yadda ƙadangare ke yi da kai ba?"

Mai aski ya juya wurin mai ɗakin, wanda ya tsaya da tsumma a hannu ya ƙi haɗa ido da shi.

"Wa ya raɗa mini?"

Mai ɗakin ya yi ta goge inda ya riga ya goge, kafin ya ce, "Yayanka. Ya ce kada wanda ya gaya maka, a bar masa ɗan abin nishaɗinsa. Mu mun ɗauka wasa ne tsakanin 'yan'uwa."

"Ni dai na yi tsufa da riƙe irin wannan," in ji Hedimasta, yana mayar da sandarsa cikin jaka.

Mai aski bai san yadda ya sauko daga benen ba. A hanya dariyar da ake yi duk sa'ad da ya kuskure ta riƙa dawo masa, kuma har da tasa muryar a ciki, domin shi ma yakan taya su.

Da matarsa ta ji labari ta ajiye kayan da take ninkewa. "Baban yara, kira shi yanzu ka wanke shi tas."

"A'a," ya ce. "Ara mini teburin gugarki."

Ya kwantar da kwalba a kan teburin, ya riƙa zura bakin sanda ta wuyan kwalbar yana zarowa. Ranar farko ƙarar gilashi ta cika ɗakin, har ƙaramar 'yarsu ta ce Baba ya koma makaɗi. Matar ta riƙa tsaya masa da ludayi a saman kai, in ya motsa ya sha ƙwanƙwasa, kuma ba ta tausaya masa. A hankali ya gane shaƙe sandar yake yi kamar zai kashe maciji, alhali riƙon reza take so, sako-sako. Ya koyi jan sanda baya ya ɗan dakata kafin ya sake ta. Ya koyi barin haɓarsa a kan sanda bayan bugu har sai ya ƙirga uku, ya bar kunne ya gaya masa ko ƙwallo ta faɗa. Wannan ya fi komai wuya, don wuyansa har ƙaiƙayi yake yi ya ɗago. Ranar Laraba da hantsi, sa'ad da ba kowa, yakan hau benen Hedimasta ya duba shi. Kyaftin kuwa mako bakwai yana kira, ana ce masa aiki ya yi yawa a shago.

Asabar ta takwas ya je. Ɗakin a cike.

"Ƙadangare ya dawo!" Kyaftin ya buɗe hannuwa. "Na ɗauka ka gudu ne."

"Ina wuni, Yaya. A jera ƙwallaye."

Jar ƙwallo ta farko daga nesa take. Ya sunkuya, ya ja, ya dakata, ya saki. Ya ji faɗawarta yana nan a duƙe bai ko ƙifta ba. Ya ci wasan farko ana ta raha. A na biyu raha ta ragu. A na uku ba ka jin komai sai fanka da karon ƙwallaye, Kyaftin yana tsaye yana shafa alli a sandar da ba ta samu shiga ba.

Da baƙar ta faɗa, Kyaftin ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Wa ya gaya maka?"

Har zuwa lokacin akwai ɗan lungu a zuciyar mai aski da ke fatan mai ɗakin ƙarin gishiri ya yi. Tambayar nan ta share shi.

"Yaya, ashe da abin da za a gaya mini?"

"Haba, wasa ne fa. In ka ƙware ai teburin manya za ka koma, ni kuma in buga da wa?"

"Ka kai ni har wurin likitan ido, Yaya. A motarka."

Kyaftin ya yi 'yar dariya, ya waiga yana neman mai taya shi. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Mai aski ya kwance sandarsa gida biyu ya sa a jaka. Bai ji daɗin da ya zaci zai ji ba. Daga ranar ya mayar da wasansa Laraba. Zumunci bai yanke ba: suna haɗuwa a sabgar dangi, ya gaishe da Yayansa da ladabi, ya tambayi iyali. Sau biyu wani baffansu ya zaunar da su ya tambayi abin da ya shiga tsakaninsu. Kyaftin ya ce a kan ƙwallo ne kawai. Mai aski ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga dattijon ba zai gane ba, sai ya ce haka ne, a kan ƙwallo ne.